Tukunya da Kwalba: Nazari a Kan Al'adar Turawa ta Haɗa Giyar Inabi da Girkin Gida

A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta shigar da liyafar cin abinci ta Faransawa cikin jerin al'adun da ya wajaba 'yan Adam su adana, kuma daga cikin sharuɗɗan da aka lissafa na cikar wannan liyafa, bayan zaɓen cefane mai kyau, da ƙawata teburi, da jeranta akusa ɗaya bayan ɗaya, akwai sanin irin giyar inabin da ta dace da kowane girki. Wanda ya tashi a gidan da kwalba ba ta taɓa ƙetare zaurensa ba zai yi mamakin yadda abin sha ya kai ga samun malamai da littattafai da makarantu, har ya zama ana jarraba mutum a kansa a ba shi shahada. Hukuncin giya a wurin Musulmi ba abin muhawara ba ne, gama nassi ya yanke shi a Suratul Ma'ida, aya ta 90, malamai kuma sun yi ijma'i a kai. Saboda haka wannan nazari na mai kallo ne daga bakin ƙofa, bisa tafarkin Albiruni, wanda ya rubuta al'adun mutanen Hindu dalla-dalla alhali yana riƙe da addininsa, domin sanin halin mutane wani babi ne na ilimi, ko da ba za a yi koyi da su ba.

Asalin al'adar daga larura ya taso, kuma a gidan talaka aka haife ta. Kafin jirgin ƙasa ya ratsa Turai a ƙarni na 19, ɗaukar ganga daga lardi zuwa lardi abu ne mai tsada, giyar ƙauye kuma ba ta jimre tafiya, sau da yawa ma kafin kaka ta zagayo ta yi tsami ta koma khal. Don haka manomi abin da gonarsa ko ta maƙwabcinsa ta bayar shi yake sha, yana sirka shi da ruwa, idan kuwa ya sayar da mai kyawun domin biyan haraji, sai ya zuba ruwa a kan ragowar inabin da aka riga aka matse, ya samu wani tsararo da suke kira piquette, ya wadatu da shi. Uwargida ba ta da zaɓi tsakanin kwalba goma. Tulu ɗaya ne a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, da shi za a ci abinci, daga cikinsa kuma za ta ɗiba ta zuba a tukunya. A haka, kaka ta koya wa uwa, uwa ta koya wa 'ya, girki ya yi ta lanƙwasa yana bin abin sha, abin sha yana bin girki, har suka saba da juna kamar ma'auratan da suka tsufa tare. Mutanen Bourgogne suka riƙa dafa naman sa mai tauri, ko tsohon zakara, awa da awanni cikin jar giyar lardinsu har ya yi laushi. Mutanen Alsace suka haɗa tsimammen kabeji da naman alade da farar giyarsu mai tsami. A Toskana ta ƙasar Italiya, miyar wake da ganye da busasshen burodi, wadda ake sake ɗumamawa washegari, ta zauna da giyar Chianti. A arewacin Fotugal gasasshen kifin sardin ya zauna da ɗanyar giyar da ba ta shekara ba. A Sancerre kuma cukun akuyar ƙauyen Chavignol ya samu abokin zama daga tudun da awakin ke kiwo a gindinsa.

Dalilin da ya sa waɗannan haɗe-haɗe suka dace yana kan harshe, kuma mai cin goro ya fi kowa saurin fahimtarsa. A cikin ɓawon jan inabi da 'ya'yansa akwai wani sinadari mai suna tanin, wanda ke kama sinadaran yawu ya bar baki a bushe, watau abin da muke kira bauri. Idan ya tarar da maiƙo da nama a baki, sai ya kama su maimakon ya kama yawu, baurin ya lafa, maiƙon kuma ya daina gundura. Hikimar da ke sa a ɗora shayi mai kauri bayan an ci gasasshen rago a Agadas ita ce wannan, ba wata ba. Tsami kuwa aikinsa yanke maiƙo da tayar da ɗanɗanon gishiri, kamar lemun tsamin da ake matsawa a kan soyayyen kifi. Daga nan aka ciro shahararriyar ƙa'idar nan mai cewa ja ta nama ce, fara ta kifi, kuma tana da hujja, gama masu bincike sun gano cewa ƙarfen da ke cikin wasu jajayen giya yana haɗuwa da man kifi ya tayar da ƙarni. Amma abin lura shi ne gidajen da aka ce daga wurinsu aka ɗauko ƙa'idar ba su taɓa ɗaukarta farilla ba: a Bordeaux kanta, cibiyar masu wannan ilimi, akwai wani dogon kifin kogi mai kama da maciji da tun kaka da kakanni cikin jar giya ake dafa shi, da ja kuma ake cinsa. Mai girki ta san inda ƙa'ida ke aiki da inda take tsayawa, wanda ya haddace ta daga littafi shi ne ke tsoron saɓa mata.

Littafin kuwa daga baya ya zo, kuma ta ƙofar masu mulki da fatake ya shigo. Ruhubanawan Cîteaux, waɗanda aka kafa gidansu a 1098, sun shafe ƙarnuka suna lura da yadda wannan fage ke ba da ɗanɗanon da maƙwabcinsa bai ba da ba, suna kewaye gonaki da katanga, irin ta Clos de Vougeot da ke tsaye har yau. A 1716 Cosimo na Uku, sarkin Toskana, ya shata iyakar ƙasar da za a kira giyarta Chianti. A 1756 waziri Pombal ya ba da umarnin shata iyaka a kwarin Douro na Fotugal, daga baya aka kafa mata duwatsu. A 1855, domin baje kolin duniya na birnin Paris, Napoleon na Uku ya nemi dillalan Bordeaux su jera gidajen giya daraja-daraja, suka kasa jajayen kashi biyar bisa ga farashin da kowane gida ya saba samu a kasuwa, kuma jerin ya daskare har babban canjin da aka yi masa shi ne ɗaga gidan Mouton Rothschild zuwa sahun farko a 1973. A cikin ƙarni na 19 ne kuma attajirai suka bar tsohuwar al'adar jibge dukan akusa a teburi lokaci guda, suka koma kawo su ɗaya bayan ɗaya, sai ya zama kowane akushi yana iya samun kwalbarsa. Da dokar 1935 ta zo a Faransa, Italiya kuma ta bi sahu a 1963, sunan kowane yanki ya zama abin da hukuma ke tsarewa, tana ƙayyade irin inabin da za a shuka da yawan abin da za a girba a kowace kadada. Kalmar da suke tinƙaho da ita ita ce terroir, ma'ana ƙasa da ruwa da rana da hannun manomi duk suna bayyana a cikin kofi, takardar jikin kwalba kuma ta zama tamkar isnadi, tana ambaton gona da ƙauye da shekara.

Sai dai isnadin nan yana da yankewa a wurare biyu waɗanda masu yabon al'adar ba su cika son ambato ba. Na farko, a wajajen 1863 wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cin saiwar inabi a kudancin Faransa, kafin ƙarnin ya ƙare ya halaka yawancin gonakin Turai, ba a samu magani ba sai da aka ɗauko saiwar inabin Amurka mai jure masa aka yi mata aure da reshen na Turai. Ke nan kusan duk kurangar da ake alfahari da tsohon asalinta yau a kan ƙafar baƙuwa take tsaye. Na biyu ya fi shafarmu. Da gonakin Faransa suka mutu, 'yan mulkin mallaka suka mayar da filayen Aljeriya gonakin inabi, har suka kai wajen kadada 400,000 a shekarun 1930, ƙasar Musulmi ta wayi gari tana kan gaba a duniya wajen fitar da giya, da gumin leburorin da ba sa shan ta, a kan ƙasar da da alkama take ba su. Jiragen ruwa suka riƙa kwasarta zuwa Faransa ana sirka ta da tsararon giyar Languedoc domin ta yi launi da ƙarfi, wannan gaurayen kuwa shi ne abin da ma'aikacin Paris ya riƙa ɗorawa kusa da tukunyar matarsa shekara da shekaru. Bayan 'yancin kai na 1962 kasuwar ta rufe, aka tumɓuke gonaki masu yawa a zamanin shugaba Boumediene. Duk wanda zai ba da tarihin teburin talakan Faransa bisa adalci, wajibi ne ya ambaci wannan gumi.

Su kansu malaman ɗanɗano, waɗanda ke juya kofi su shinshina, su kurɓa su kurkure su tofar, sa'an nan su ce sun ji ƙanshin fata ko na jiƙaƙƙen dutse, an sha gwada su an ga iyakarsu. A 1976 wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara manyan alƙalan Faransa a Paris ya ba su kofuna ba tare da sun ga kwalba ba, sai ga shi sun ɗora giyar Kalifoniya a kan ta ƙasarsu, a fara da ja baki ɗaya. A 2001 Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano, suka miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni a jami'ar Bordeaux, ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Wannan bai tabbatar da cewa ilimin duka ƙarya ne ba, amma ya nuna ido da suna da farashi suna riga harshe yanke hukunci. Babban aibin ma yana wani wuri: tun da Robert Parker na Amurka ya fara ba giya maki bisa ɗari a mujallarsa a ƙarshen shekarun 1970, aka koma auna kwalba ita kaɗai, a jere da 'yan uwanta da dama, babu burodi babu miya, wadda ta fi ƙarfi da kauri kuwa ita ke ficewa a irin wannan gasa, ko da za ta danne girkin da aka ajiye ta kusa da shi. Abin da aka yi domin ya yi wa tukunya hidima sai aka raba shi da ita aka naɗa shi sarauta.

A daidai lokacin da sharhi ke yawaita, ita al'adar tana ja da baya. A farkon shekarun 1960 abin da ke faɗa wa kowane mutum a Faransa ya haura lita 100 a shekara, yau bai kai rabin haka ba. Sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta, wanda ke nuna zurfin da abin ya yi da kuma irin ɓarnar da likitocinsu suka gani a hanta da hanyoyin mota; a 1991 dokar Évin ta taƙaita tallarta; a farkon 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutarwa. Jikar uwargidan Bourgogne tana aiki a ofis, ba ta da awa uku na tsayuwa kan murhu sai ran Lahadi, kuma idan ranar ta zo, kwalbar ake fara saye, sa'an nan a buɗe littafi ko intanet a nemi girkin da zai dace da ita. Almajiran zaure sun san irin littafin nan da matani ke zaune layi uku a tsakiyar shafi, sharhi ya kewaye shi, hashiya ta kewaye sharhi, har mai karatu ya manta da abin da mawallafi ya faɗa tun farko. Tukunya ita ce matanin, kuma ita ce aka fi mantawa.

Abin da ya cancanci girmamawa a wannan al'ada, a ganina, ba ya cikin kwalba. Yana cikin natsuwar da mutane suka yi har suka san ɗanɗanon ƙasarsu fage-fage, da zaman iyali a kan abinci ba gaggawa, da ɗaukar girkin uwa abin da ya isa a yi masa tunani. Wannan kuwa ba ya bukatar abin maye, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, gama fataken da suka yi ta safarar Gwanja sun san goron wannan daji daga na wancan, sun san ɗan Laboji na ƙasar Nufe da sarakuna ke nema, sun san sabo da ɗaushe, da wanda ya dace a ci bayan tuwo har ruwan randa ya yi zaƙi a baki. Tsohon da ke zaune a kan buzunsa a kasuwar goro yana ɓara ƙwaya ɗaya ya faɗi inda ta fito, babu wanda ya ba shi shahada, bai kuma taɓa ba goro maki bisa ɗari ba.