Wa Ya Zaɓa Mata? Nazarin Sababbin Littattafan Soyayya na Duniyar Sihiri

A watan Janairun 2025 littafin Onyx Storm na marubuciyar Amurka Rebecca Yarros ya shiga kasuwa, kuma kafin mako ya zagayo an sayar da kwafi miliyan 2.7. Shi ne na uku a jerin da ya faro da Fourth Wing a 2023. Wannan gagarumin ciniki ya tabbatar da cewa wani nau'in adabi da masu sharhi suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji ya zama ginshiƙin kasuwar littattafai ta Amurka da Ingila. Turawa sun haɗa kalmarsu ta labarin soyayya da ta labarin almara suka raɗa masa suna romantasy. Jarumarsa yawanci budurwa ce da ta haura sha takwas ba ta wuce ashirin da biyar ba, rukunin da kamfanin ɗab'i na St. Martin's Press ya yi wa laƙabi da New Adult a wata gasa da ya shirya a 2009. Akan jefa ta cikin duniyar yaƙi da sarauta da tsafi, a nan kuma take haɗuwa da namijin da zai zama abokin gabarta kafin ya zama masoyinta.

Makaranta ne suka ɗaga wannan adabi, musamman 'yan mata da matan da suka riƙa tallata wa juna littattafai a dandalin TikTok tun lokacin kullen korona na 2020. Su ne suka farfaɗo da A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas, wanda ya fito tun 2015. Dalilan da suke bayarwa ba na wasa ba ne. Suna son labarin da mace take tsakiyarsa, ita ke riƙe da takobi, burinta da sha'awarta kuma ba abin kunya ba ne. Suna son tabbacin cewa duk wahalar da za a sha, masoya za su dace a ƙarshe. Wasu kuma sun ga kansu a jikin Violet, jarumar Fourth Wing, wadda gaɓoɓinta ke saurin gocewa, larura mai kama da wadda marubuciyar da kanta take fama da ita. Mai rauni da ta shiga makarantar mayaƙa ta rayu da dabara, a inda ƙarfafa ke faɗuwa, abin so ce ga duk wanda aka taɓa raina ƙarfinsa.

Masu suka su ma suna da abin faɗa. Akwai masu cewa salon rubutun ba shi da zurfi, duniyar da ake ginawa kuma labule ne kawai da aka rataya bayan masoya. Masu jin harshen Gelik na Sikotilan sun yi ƙorafi a 2023 kan yadda Yarros ta ari kalmominsu ta sanya wa dodanninta da wurarenta ba tare da ta iya furta su daidai ba. Akwai kuma masu damuwa da yadda ake bayyana kwanciya ƙarara, har jihar Utah ta Amurka ta cire littattafai 13 daga makarantun gwamnati a 2024, shida daga ciki na Maas ne. Batun abin da ya dace da ɗakin karatun yara batu ne na gaskiya, domin manya aka rubuta wa yawancin waɗannan littattafai. Amma rainin da ake yi wa adabin baki ɗaya saboda mata ne ke rubuta shi kuma mata ne ke saye, wannan ba na ɗaukarsa a matsayin nazari. Mu da muka san yadda aka yi wa littattafan soyayya na Kano lakabi da adabin kasuwa, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a 2007, mun san irin wannan raini tun kafin a fassara mana shi.

Nawa ƙorafin yana wani wuri dabam. Babban alkawarin da wannan adabi ya yi wa mai karatu shi ne mace mai zaɓar wa kanta. Abin da nake gani kuwa shi ne, a daidai gaɓar da zaɓin zai yi nauyi, sai marubuciyar ta sa sihiri ya karɓe shi daga hannun jarumar.

A dubi Feyre, jarumar Maas. A littafi na farko ta kashe wani kyarkeci wanda ashe ɗaya ne daga cikin wasu halittu masu kama da aljanu, aka tafi da ita ƙasarsu, ta kamu da son Tamlin. A littafi na biyu, A Court of Mist and Fury na 2016, Tamlin ya kulle ta a gida da sunan kare ta, ita kuma ta bar shi. Wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a jerin, domin ba kasafai labarin soyayya ke yarda cewa masoyin farko kuskure ne ba, kuma kishi da tsarewa ba su ne ƙauna ba. Sabon masoyin, Rhysand, kullum yana nanata mata cewa zaɓi nata ne. Sai dai kafin littafin ya ƙare an bayyana cewa akwai wani ƙulli na asali da ya ɗaure rayukansu tun kafin ta san shi. Maas ta nuna cewa ana iya ƙin amincewa da irin wannan ƙulli, gaskiya ne, amma wace budurwa ce za ta juya wa wanda sammai da ƙassai suka shaida nata ne baya? Hasali ma, da wannan ƙullin aka wanke wulaƙancin da Rhysand ya yi mata a littafi na farko, inda ya riƙa shayar da ita abin maye yana sa ta rawa a gaban jama'a, aka ce duk dabarar ceton ranta ce.

Haka abin yake a wurin Yarros. Violet ta shiga makarantar mahaya dodanni masu fukafukai bisa tilascin mahaifiyarta, wadda janar ce. Xaden yana da dalilin ƙin ta, domin mahaifiyar tata na da hannu a kisan mahaifinsa, jagoran tawaye. Da an bar su, da mun ga yadda mutum biyu za su tsallake ramin jini da ƙafarsu. Maimakon haka, dodon da ya zaɓi Violet sai ya kasance mijin dodanniyar Xaden, har mutuwar ɗayansu tana iya jan sauran. Daga nan dole ya kare ta, dole su zauna kusa da juna. Aikin da ya kamata hali da magana da yafiya su yi, sai sihiri ya yi shi a shafi guda.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? kan yarinyar da aka yanke wa karatu aka yi mata auren dole, kuma makarantanta sun san tilas idan sun gan shi. Tilas ɗin da ya zo da fukafukai da kyakkyawar fuska ya fi wuyar ganewa. Budurwar da ta karanta littafi goma masu koya mata cewa namiji mai ban tsoro yana ɓoye da zuciyar zinariya, kuma duk cutar da ya yi yana da dalilin da za a bayyana a gaba, an ba ta ma'aunin da zai iya cutar da ita a duniyar da babu ƙullin sihiri mai tabbatar da niyyar kowa.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne, masoya wannan adabi sun riga masu sharhi ganin haka. Da A Court of Silver Flames ya fito a 2021, inda Rhysand ya ɓoye wa Feyre cewa cikin da take ɗauke da shi zai iya halaka ta, makarantan Maas ne da kansu suka tashi da muhawara suna tambayar ina zaɓin da ya sha alwashin ba ta. Waɗanda ake zargi da karatu ido rufe su ne suka riƙe marubuciya da alkawarinta.

Saboda haka ina ganin makomar wannan adabi tana hannun marubuciyar da za ta yi ƙarfin halin cire ƙullin. Ta bar dodanni da fadoji da yaƙe-yaƙe yadda suke, amma ta bar jarumarta ta tsaya gaban namiji ba tare da wata shaida daga gaibu ba, ta auna shi da abin da ya aikata, ta karɓe shi ko ta ƙi shi, sannan ta ɗauki nauyin abin da ta zaɓa. Makarantan da suka sayi kwafi miliyoyi cikin mako guda sun cancanci a yarda da hankalinsu har zuwa wannan matsayi.