Mutuntarwa: Ba "Ta" da "Ya" Kawai Ba Ce

A cikin rubuce-rubucen da sababbin marubuta kan kawo mana mu duba, babu adon harshen da ake wa mummunar fahimta kamar mutuntarwa. Masana adabi irin su Abdulƙadir Ɗangambo sun sanya ta ƙarƙashin jinsintarwa, tare da dabbantarwa da abuntarwa. Ma'anarta ita ce a ɗauki hali ko aikin da ɗan Adam kaɗai aka sani da shi a ɗora wa abin da ba mutum ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne nan: kowane suna a Hausa, in tilo ne, ko namiji ne ko mace. Don haka in an ce "rana ta fito", ba a yi adon komai ba, nahawu ne ya tilasta. Mun sha ganin ɗalibai a aji suna ja wa irin wannan jimla layi, wai sun gano mutuntarwa. Haka "mutuwa rigar kowa" siffantawa ce, domin riga ba mutum ba ce. Amma da Bahaushe ya ce "yunwa, a ba ki a huta", ya mai da ita mai bin bashi da ta tsaya a ƙofar gida, ba za ta gusa ba sai an sallame ta. Da ya kira duniya "budurwar wawa" kuwa, ya ba ta kwalliya da yanga da yaudara gaba ɗaya cikin kalmomi biyu. A lura, jinsin kalmar ne ya share hanya. Da duniya namiji ce a bakinmu, da wannan kirari bai samu ba.

Abin da ke damunmu shi ne na aro. Matashi ya kawo labarin soyayya, a shafi ɗaya wata ya yi murmushi, furanni sun yi rawa, iska ta sumbaci kumatun budurwa. Duk mutuntarwa ce, ba musu, sai dai me ta ƙara wa labarin? Wace iska ma? Wanda ya san hunturu ya san ba ya sumba. Tsoho ne mai faɗa, ya tsage maka leɓe, ya kore ka daga bakin rijiya da asuba. Da marubucin ya ba shi wannan hali, da mai karatu ya ji sanyin a jikinsa, ya kuma gane wahalar da saurayin ya sha a tsayuwar zance.