Keke da Siffanta Ƙasa a Labaran Tafiya na Hausa: Misali daga Funtuwa zuwa Malumfashi

Gabatarwa

Labarin tafiya yana daga cikin tsofaffin rassan rubutun zube na Hausa. Alhaji Abubakar Imam ya fito da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, Malam Aminu Kano kuma ya biyo da Motsi Ya Fi Zama a 1955. An saba duban irin waɗannan littattafai ta fuskar jigo, watau wayar da kai da gargaɗi. Wannan maƙala za ta dube su ta wata fuska dabam, ita ce yadda suke siffanta ƙasar da matafiyi ya ratsa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, abin hawan marubuci da inda ya dosa su ne ke iyakance abin da idonsa zai gani, kuma ta wannan hanya ce ƙasar Hausa kanta ta kuɓuce wa alƙalamin marubutanta na farko. Za a kafa hujja da yankin noma na kudancin Jihar Katsina, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, da kuma keke, wanda ya daɗe yana ratsa shi.

Inda marubuta suka dosa

Tafiyar da Imam ya ba da labarinta ta 1943 ce, lokacin da aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, suka tafi ta jirgin ruwa. Shi ma Aminu Kano ƙasar Turai ya nufa. Dukansu biyu sun ɗauki mai karatu a matsayin wanda ya san gida, saura a ba shi labarin abin da bai taɓa gani ba. Wannan zaɓi yana da hujjarsa a wancan zamani, kuma littattafan sun cika aikin da suka sa gaba. Sai dai fa sun bar wata al'ada, cewa abin da ya cancanci a siffanta shi ne baƙon abu.

Ƙagaggun labarai na 1934 su ma tafiya ce ƙashin bayansu. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam yana fita daga wannan gari ya faɗa wancan, amma garuruwan dandali ne kawai na karawarsa da Malam Zurƙe. Tsakanin gari da gari jimla guda ta isa. Ganɗoki ya tashi daga Kwantagora ya kai har duniyar aljannu. Shaihu Umar ne ya fi ba hanya haƙƙinta, amma hanyar tasa ta hamada ce, ta ayarin fatake da bayi. A waƙar baka ma haka abin yake. Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Bakori da Funtuwa, gwani ne wajen jero garuruwa, sai dai gari a bakinsa mazaunin wani ne da za a yaba. Sunan wuri ya samu shiga adabi, siffarsa kuwa an bar ta a waje.

Kada a ɗauka harshen ne ya gaza. Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali ta ishe mu shaida cewa Hausa tana iya zana sararin sama da tsiro da halittu dalla-dalla. Amma wannan siffar lokaci ce, ta dace da kowane gari. Ba ta ɗaure da wani tudu ko wani rafi da za a iya zuwa a nuna.

Ƙasar da ake magana a kanta

Yankin Funtuwa da Malumfashi tudu ne mai shimfiɗa, da duwatsu tsaitsaye jefi-jefi, da kwaruruka da fadamu a tsakaninsu. Kusa da Funtuwa ne gulbin Sakkwato ya samo tushe, ya nufi arewa maso yamma kafin ya karkata ya faɗa Kwara. Ta gabas kuwa, wajen iyakar Kano, ruwa yana gangarawa ne zuwa Challawa, daga nan Haɗeja, ya nufi tafkin Chadi. Ke nan a wannan ɗan yanki ruwan sama yake rabuwa gida biyu.

Tarihin yankin na ƙarni na 20 a kan hanyoyinsa yake rubuce. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma auduga ce babban dalilinsa. Ita ce ta kawo injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, da gonar iri a Daudawa, da fuloti a ƙauyuka. A 1975 aka soma shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya shimfiɗa hanyoyin burji, ya yaɗa takin zamani, masara ta samu gindin zama a gonakin da a da dawa da auduga suka mallaka. Ƙarƙashin wannan duka akwai tsohon shimfiɗi, na garuruwa irin su Maska da Gozaki, da sarautun Sarkin Maska a Funtuwa, Makama a Bakori, Galadima a Malumfashi.

Mutanen wurin sun riga marubuta siffanta ƙasarsu, a cikin sunayen da suka raɗa: Dutsen Reme, Tudun Iya, Mairuwa, Ruwan Sanyi, Dutsen Kura, Ruwan Godiya, da unguwanni barkatai masu farawa da Hayin. Kowane suna bayani ne na inda ƙasa ta tashi ko ta kwanta, da inda ruwa yake.

Abin da keke ke koya wa ido

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Mai mota zai ce hanya ce miƙaƙƙiya, domin inji ne ya sha wahalar hawa. Mai keke ba zai faɗi haka ba. Cinyarsa ce ke gaya masa ya fara hawan tudu tun kafin idonsa ya lura, sakin feda kuma shi ne albishir ɗin gangare. In ya bar kwalta ya bi burji, taya za ta sanar da shi bambancin jigawa da laka, da fako da marmara. A mashigi dole ya sauka ya tura, ko ya saɓa keken in damina ce, nan ne kuma zai ga rake da tumatir na fadama, ya yi sallama da masu su. Inda ƙaya ta huda taya, zaman jiran mai faci shi ne zaman jin labarin gari.

Muhimmancin wannan ga manazarcin harshe a fili yake. Kalmomi irin su hayi, kwari, kwazazzabo, ƙorama, fa, tsauni, fako da jigawa suna da iyakokin ma'ana waɗanda ƙamus ba ya iya tsarewa shi kaɗai. Kalma tana rayuwa ne in an ga ta a cikin jimla tana aiki, a jikin wani wuri sananne. Ɗalibin da ya tashi a birni yana iya haddace cewa fa shimfiɗaɗɗen dutse ne, amma ba zai rarrabe shi da tsauni a rubutunsa ba muddin bai taɓa karanta inda aka shanya hatsi a kansa ba.

A wasu adabai wannan reshe ya kafu. Alal misali, Dervla Murphy, 'yar ƙasar Ayalan, ta hau keke a 1963 daga Turai har Indiya ta kan duwatsun Afganistan, ta fito da littafinta a 1965, kuma ƙarfin littafin yana ga abin da jinkirin tafiya ya ba ta damar gani. A wajenmu keke ya fi haka shiga jini. Da shi malamin makaranta da malamin gona da ɗan koli suka san ƙauyukan kudancin Katsina ɗaya bayan ɗaya, har aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe. Duk da haka, waƙar da ta fi shahara a kansa ita ce Waƙar Keke ta Aliyu Namangi, wanda makaho ne tun yana ƙarami, kuma keken kansa ne abin magana a cikinta. Adabinmu ya kalli keke, bai hau shi ya kalli ƙasa ba.

Dalilin gaggawa

Abu biyu sun sa wannan giɓi ya wuce zancen salo kurum. Na farko, babur ya karɓe yawancin aikin keke, kuma waɗanda suka san waɗannan hanyoyi da ƙarfin ƙafarsu tsufa yana cim musu. Na biyu, rashin tsaro ya raba mutane da sassan ƙasarsu. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandare ta Ƙanƙara, a 2021 kuma gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Sunaye irin su Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun shiga kunnen 'yan Nijeriya ta hanyar labarin hari. Wurin da ba a siffanta shi a lokacin zaman lafiya ba, da sunan masifarsa kaɗai za a san shi.

Kammalawa

An nuna cewa labaran tafiya na farko sun fuskanci waje, ƙagaggun labarai da waƙoƙi kuma sun wadatu da sunan wuri, alhali ƙasa irin ta Funtuwa da Malumfashi tana da siffa da tarihi da kalmomin da suka isa littafi. Aikin da ya rage na malamai ne da ɗalibansu. Malamin insha'i yana iya sa ɗalibi ya rubuta hanyar da ke tsakanin garinsu da kasuwa mafi kusa, da sharaɗin ya ambaci kowane hawa da gangare da mashigi da sunansa. Mai neman babban digiri kuma yana iya zama da tsofaffin mahaya keke na Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja, ya ɗauki bayanin hanyoyinsu da bakinsu, ya tace kalmomin ƙasa da ke ciki. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Marubucin da ya ga ƙasa da kyau shi ne kaɗai zai iya sa mai karatu ya gan ta.