Muryar tsoho a cikin faifai: nazari a kan "Émile Jacotey" na ƙungiyar Ange

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne mu jawo hankalin masu nazarin adabin baka zuwa ga wani faifai da ba kasafai ake samunsa a wajen ƙasashen da ke magana da Faransanci a Turai ba. Sunansa "Émile Jacotey", kamfanin Philips ya fitar da shi a 1975. Abin da ya sa muka tsaya a kansa shi ne tambayar da kowane mai ɗaukar maganar tsofaffi yake cin karo da ita: in an ɗauki murya an kai ta wani fage, me ya rage na mai ita?

2. Ƙungiyar da salonta

An kafa Ange a garin Belfort, a gabashin Faransa, a 1969. Ginshiƙanta a wancan lokacin ƴan'uwa biyu ne, Christian Décamps mai rera waƙa da rubuta baitoci, da Francis Décamps mai kaɗa orgue, wato akwatin kiɗa mai maɓallai. A lokacin da aka yi faifan, Jean-Michel Brézovar ke riƙe da jita, Daniel Haas kuma da jita mai kaurin amo. Salonsu shi ne wanda Faransawa ke kira rock progressif: kiɗa mai tsawo, mai sauya taki a tsakiyar waƙa, mai kwaikwayon cikar amon babbar ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turai. A Ingila aka raini salon, a hannun su King Crimson da Genesis. Bambancin Ange shi ne ta jingina da al'adar waƙar Faransanci mai ba kalma muhimmanci. Shaida a nan ita ce waƙar Jacques Brel, "Ces gens-là", da suka sake rerawa a 1973.

3. Tsohon da faifan ya ci sunansa

Émile Jacotey ba ƙagaggen suna ba ne. An haife shi a 1890, ya rasu a 1978. Maƙeri ne mai sa wa dawaki takalmin ƙarfe a ƙauyen Saulnot, cikin yankin Haute-Saône, kuma an san shi da ba da labarun ƙasarsu. Mawaƙan sun je har gida sun ɗauki maganarsa, sannan suka sanya guntayenta a cikin faifan, yadda mai sauraro zai ji tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya da karin harshen ƙauye, kafin kiɗa ya rufe shi.

A ganinmu, nan ne ƙarfin aikin yake. Ba a gyara masa lafazi ba, ba a kuma ɗauko ɗan wasa ya kwaikwaye shi ba. Murya busasshiya tana gaba, amon orgue na Francis Décamps mai kama da hazo yana biye, sai kunne ya ji tazarar da ke tsakanin zamunna biyu ba tare da an yi masa bayani ba. Waƙar "Ode à Émile", wadda take yabo ne gare shi, ta fi kowace sauƙin tsari, kuma Christian Décamps, da aka sani da ɗaga murya da wasan kwaikwayo a dandali, ya sassauta a cikinta kamar yaro gaban kakansa. Haka ma "Sur la trace des fées", mai zancen neman aljanun tatsuniya, tana tafiya a hankali irin tafiyar hira.

4. Inda aikin ya gaza

Duk da haka, yabo ba zai hana mu faɗin gaskiya ba. Ba a bar tsohon ya kai labari ɗaya tun daga farkonsa har ƙarshe ba. Guntaye ne kawai, kuma mawaƙan ne suka zaɓe su. Baitocin waƙoƙin na Décamps ne, wasu ma sun yi nisa da maƙera da ƙauye. "Le nain de Stanislas" ta ɗauko tarihin Nicolas Ferry, wadan da ya zauna a fadar sarki Stanislas a Lunéville, ya rasu a 1764. "Le marchand de planètes", wadda ta rufe faifan, ta haura sararin sama ne gaba ɗaya. Ke nan sunan Jacotey ya zama inuwa da mawaƙan suka fake a ƙarƙashinta domin su faɗi nasu. Wanda ya sayi faifan da niyyar sanin labarun Haute-Saône zai tashi da ƙishirwa.

5. Kammalawa

Mu da muke aiki a ƙasar da ke da cibiya irin CELHTO ta Yamai, wadda aka kafa domin tattara tarihin baka, ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Mukan ɗauki sa'o'i na maganar dattijo, mu yanko layi biyar mu sa a kundi, sunansa kuwa ya koma can ƙasan shafi, in ma an ambace shi. Ange ta yanka kamar yadda muke yankawa, ta kuma yi ƙari da nata kamar yadda muke yi. Sai dai ta sa sunan mai maganar a goshin aikin, ta bar muryarsa yadda Allah ya yi ta, har ga shi bayan shekaru masu yawa da rasuwarsa ana sanin cewa an yi wani maƙeri a Saulnot. Muna ba ɗalibanmu shawara su saurari faifan sau biyu: na farko don daɗin kiɗa, na biyu da alƙalami a hannu, suna ƙirga daƙiƙoƙin da aka bar wa tsohon, sannan su auna da nasu kundin.