Darasin Jerin Haruffa a Littattafan Koyon Manhaja: Tsokaci ta Fuskar Hausa

Akasarin littattafan da ake koya wa 'yan koyo tsara manhajar kwamfuta da su sukan ware babi guda ga jerin haruffa, wato yadda na'ura ke adana rubutu, ta ƙirga shi, ta jera shi, ta kuma nemo kalma a cikinsa. Babin yakan zo da sauƙin fahimta, amma an gina shi ne bisa zaton cewa haruffan Ingilishi 26 su ne iyakar rubutu. Wannan zato gado ne daga tsarin ASCII na 1963, mai gurabe 128, wanda babu ɓ, ɗ ko ƙ a cikinsa. Tsarin Unicode na 1991 ya ba su gurabe, amma misalan littattafan ba su canza ba.

Illar haka takan fito fili idan ɗalibi, alal misali a Bichi, ya gwada darasin da sunayen garuruwan yankinsa. Harshen manhaja na Python yana jera kalmomi ne bisa lambar kowane harafi. Lambar D ita ce 68, ta U 85, ta Ɗ kuwa 394. Saboda haka Ɗambatta ba za ta biyo bayan Dawakin Tofa ba, sai ta faɗa can bayan Tsanyawa da Ungogo. Haka kuma wanda ya nemi Danladi a jerin manoman da za a raba wa taki ba zai sami Ɗanladi ba, sai mai haƙƙi ya rasa rabonsa. In kuwa aka ce a goge lanƙwasar don a huta, kara da ƙara sun zama abu guda.

Bugu da ƙari, na'ura za ta ce tsaba haruffa biyar ce, alhali a ƙa'idar Hausa ts baƙi ɗaya ne. Alamar da ke farkon 'ya'ya ma ita ce Python ke buɗe jeri da rufe shi da ita, don haka kalmar takan tsinka umarnin ɗan koyo.

Laifin ba na na'ura ba ne, domin tana iya bin tsarin abacada na Hausa idan an tsara mata shi. Gyaran na hannun masu rubuta littattafan ne da malaman Hausa: a fara darasin da ƙasa, tsaba da 'ya'ya, domin ɗalibi ya gane tun ranar farko cewa harafi a wurin na'ura daban yake da harafi a wurin mai harshe.