Doron Bindiga Mai Baki Biyu: Gardamar Maharban Faifai

A filayen gasar harbin faifan yumɓu na Ingila da Amurka, yawancin gwanaye sun koma bindigar da bututunta ɗaya ke bisa ɗaya. Amma har yau akwai masu riƙe da tsohuwar mai baki biyu a jere, kuma in sun haɗu, abin da ke tayar musu da jijiyar wuya shi ne siririn ƙarfen da aka liƙa tsakanin bututun biyu ta sama, wato doro.

Abin mamaki, duk malamin harbi zai ce kada a kalle shi. Ido na kan faifan da ke tashi. Sai dai gefen ido yana ganin doron, da shi ƙwaƙwalwa ke sanin inda baki ya dosa.

Maƙeran Landan irin su Purdey da Holland & Holland sun saba da doro mai kwarmi, wanda ya nutse tsakanin bututun. Ya dace da farautar tsuntsun da aka koro ta bisa kan maharbi: bindiga ba nauyi, a ɗaga, a harba. A filin faifai labari ya sha bamban. Mutum zai yi harbi hamsin ko ɗari a jere, ƙarfe ya ɗau zafi, kawalwalniya ta riƙa rawa a bisa bututu, ga faɗin bakunan biyu yana rufe faifan da ke hawa sama.

Maganin ya girmi faifan kansa. Tun zamanin gasar harbin tantabaru masu rai, irin ta Monte Carlo inda ake zuba kuɗi masu yawa, maƙera ke yin bindiga mai nauyi da doro shimfiɗaɗɗe, mai faɗi da ɗan tudu, an karta shi da magagari don kada rana ta yi ƙyalli a kai. Birtaniya ta haramta wannan wasa a 1921, faifan yumɓun da George Ligowsky na Cincinnati ya fito da shi a 1880 ya gaje filin, ya kuma gaji doron.

Shi kuwa maƙerin bindiga Robert Churchill ya bi wata hanya. A shekarun 1920 ya yayata bindigarsa XXV mai bututu inci 25, lokacin da mutane suka saba da inci 28 ko 30. Ya ɗora mata doro siriri mai tudu, wanda ke ƙara tsukewa zuwa baki, sai ido ya ga kamar bututun ya fi haka tsawo. Dabara ce ta ɗan kasuwa mai wayo, kuma ta jawo masa doguwar taƙaddama da marubucin harkar bindiga Manjo Gerald Burrard. Doron yana jan ido da sauri, amma gajeren bututu ba ya son faifai mai nisa.

Amurkawa suka ɗaga doron a kan ƙananan ginshiƙai, iska na ratsawa ta ƙasa, kamar yadda Winchester ta yi wa wasu Model 21 na gasa. Yana rage kawalwalniya, yana barin maharbi ya ɗaga kai. Masu son tsari irin na da dai suna ganin ya ɓata wa bindiga kyau, kuma ba su yi ƙarya ba.

Don gwada doron, mai sayen tsohuwar bindiga ya cire bututun, ya rataye su a yatsa, ya ƙwanƙwasa. In sun yi amo garau, dalmar da ta liƙa doron na nan daram. In sun yi kaf-kaf, doron ya fara sakewa, ruwa kuma zai shiga ya haifi tsatsa.

Ga mai yini a filin faifai, shimfiɗaɗɗen doro mai karta na bindigar tantabara ya fi sauran amfani, muddin gindin bindigar ya zauna masa daidai a kunci.