Waƙoƙin Akendengue: Ɗalibi Yana Duban Gida Daga Nesa

Ɗalibin da ya tafi karatu ƙasar waje yakan ga ƙasarsa da wani ido dabam. Haka ya faru da Pierre Akendengue, mawaƙin ƙasar Gabon, wanda aka haifa a 1943. Ya yi makaranta a Libreville, babban birnin ƙasar, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1960 ya tafi Faransa neman ilimi da maganin ciwon ido. A can ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, a can kuma ya fitar da faifansa na fari, Nandipo, a 1974, da na biyu, Afrika Obota, a 1976.

Kafin a auna waɗannan waƙoƙi, ya kamata a san halin da gida yake ciki a lokacin. Omar Bongo ya hau mulki a 1967, ya kuma mai da ƙasar ta jam'iyya ɗaya a 1968. Farashin man fetur ya tashi a 1973, kuɗi suka kwararo cikin ƙasa mai mutane kaɗan, wadda take da katako da ma'adinai. Aka ƙawata Libreville domin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1977, amma talakawa suna kwana a ɗakunan katako da kwano a bayan manyan gine-gine. Wanda ya buɗe baki kuwa, ya san abin da zai biyo baya.

Ƙarfin waƙoƙin Akendengue shi ne, bai bar Faransa ta haɗiye harshensa ba. Yana waƙa da Faransanci da harshen Myene na iyayensa, yana tuna ƙuruciyarsa a bakin ruwa, yana kira ga 'yanci da haɗin kan Afirka. Yana magana ta hanyar tatsuniya da habaici, kamar yadda dattawa suke yi. Hukuma ta gane inda habaicin ya dosa, har aka hana sa waƙoƙinsa a rediyon ƙasar na wani lokaci.

Amma akwai rauni. Mawaƙin ya fi yin kuka a kan Afirka gaba ɗaya da ɓarnar mulkin mallaka. Tambayar da ta fi damun mai sayar da kifi a kasuwar Mont-Bouët, wato ina kuɗin mai suka shiga, ba ta fito fili sosai ba. Na nesa yana ganin rufin gida duka, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban gwaji yana zuwa ranar komowa gida. Akendengue ya komo a 1985, daga baya ya zama mai ba Shugaba Bongo shawara kan al'adu. Ba shi kaɗai ba ne. Paul Mba Abessole, limamin Katolika wanda ya yi adawa daga Faransa, ya yi takara da Bongo a 1993, ya shiga gwamnatinsa a 2002. Dabarar wannan mulki ita ce jawo masu suka a ba su kujera, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ɗaliban jami'ar Libreville, waɗanda suka sha duka a Janairun 1990, su ne suka tayar da guguwar da ta kawo jam'iyyu da yawa a wannan shekara.

Gidan Bongo ya riƙe mulki har soja suka kawar da Ali Bongo ranar 30 ga Agusta 2023, alhali wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'a suna cikin talauci. Waƙoƙin ɗalibin nan sun faɗi gaskiya, sun kuma cancanci a saurare su. Sai dai gaskiyar da aka faɗa a Paris ba ta cika aikinta ba sai an iya maimaita ta a Libreville, a gaban mai mulki.